Gani Ba Ci Ba: Nasiha ga Matasa Masu Koyon Fiziks ta Laccocin Bidiyo

Fiziks, wato reshen kimiyyar da ke binciken motsi da ƙarfi da zafi da haske da lantarki, yake kuma bayyana dokokinsu da harshen lissafi, yana daga cikin darussan da suka fi jigata ɗaliban shekarar farko a jami'a, ko suna karanta shi a matsayin fanninsu, ko kuwa a matsayin mashigar da tilas a bi ta cikinta kafin a kai ga aikin injiniya ko likitanci ko haɗa magunguna. A shekarun baya, ɗalibin da bayanin malaminsa ya shige masa duhu ba shi da madogara sai littafin da ake layi a kansa a ɗakin karatu, ko ɗan ajinsu da Allah ya hore wa saurin fahimta. Yau kuwa duk mai wayar hannu da 'yar data yana iya zama a ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru ko Sakkwato ko Yamai ya saurari malaman manyan jami'o'in duniya suna koyar da wannan darasi tun daga farkonsa har ƙarshensa, ba tare da an karɓi ko sisinsa ba.

Wannan buɗi bai daɗe da samuwa ba. A shekarar 2001 ne cibiyar fasahar nan ta Amurka da aka fi sani da MIT ta sanar da aniyarta ta zuba kayan koyarwarta a intanet kyauta, ƙarƙashin shirin da ta sa wa suna OpenCourseWare, sannan a 2003 manyan cibiyoyin fasaha na Indiya suka haɗa kai suka fara nasu shirin mai suna NPTEL, wanda ya tara laccocin kimiyya da na injiniyanci masu ɗimbin yawa. Da dandalin YouTube ya bayyana a 2005 sai lamarin ya ƙara sauƙi. Jami'ar Yale ta ɗauki laccoci 24 na Farfesa Ramamurti Shankar kan tushen fiziks a 2006 ta sake su tare da tambayoyin aikin gida da na jarrabawa, Jami'ar Stanford ta fitar da jerin laccocin Leonard Susskind, ita kuma makarantar fasaha ta Lozan a ƙasar Suwizalan ta samar da darussan makanik, wato ilimin motsi da ƙarfi, cikin harshen Faransanci, abin da ya yi daidai da buƙatar ɗaliban Nijar da Chadi da Kamaru.

Babu shakka wannan ni'ima ce babba, kuma godiyar ni'ima ita ce a yi amfani da ita yadda ya dace. Sai dai masu koyarwa sun daɗe suna ganin wani abu mai sosa rai: yaro mai ƙwazo, wanda ba shi da wasa, yakan raba dare yana kallon lacca bayan lacca, ya shiga ɗakin jarrabawa cike da ƙarfin gwiwa, amma da sakamako ya fito sai a iske sunansa cikin masu maimaita kwas, abin da ɗalibai ke kira kariyoba. Irin wannan ɗa ko 'ya ba su gaza wajen ƙoƙari ba, ƙoƙarin ne aka zuba inda ba ya haifar da amfani mai yawa, kuma saboda su aka tsara wannan nasiha, domin kuskuren nasu yana da magani, maganin kuma yana hannunsu.

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya sani shi ne cewa jin an gane daban yake da ganewa. Ƙwararren malami yana jera hujjojinsa ne daki-daki, kowane mataki na biye da wanda ya gabace shi cikin sauƙi, har mai kallo ya ɗauka cewa da shi aka bai wa allin, haka zai yi. Hausawa sun ce gani ba ci ba, da kare bai kwana da yunwa ba, kuma binciken masana ya gaskata wannan magana a fagen fiziks. A 1998 wani masani ɗan Amurka mai suna Richard Hake ya wallafa nazarin da ya tattara sakamakon ɗalibai fiye da 6,000 daga kwasa-kwasai 62, waɗanda aka gwada fahimtarsu ta dokokin motsi kafin fara darasi da kuma bayan kammala shi. A azuzuwan da malami ke magana ɗalibai na saurare kawai, abin da suka cike daga giɓin da suka zo da shi ya tsaya wajen kashi 23 cikin ɗari, alhali a azuzuwan da ake sa su tunani da muhawara da amsa tambayoyi ya kai wajen kashi 48. A 2019 kuma Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka nuna cewa ɗaliban da suka saurari lacca mai tsari da daɗin ji sun ji a ransu cewa sun fi ƙaruwa, amma da aka yi gwaji sai waɗanda aka sa su fafutukar warware tambayoyi da kansu suka fi su maki. Idan haka abin yake a cikin aji, inda malami ke iya ganin fuskar ɗalibi, to mai kallon bidiyo shi kaɗai a ɗaki ya fi kowa buƙatar yin hattara.

Tambaya ɗaya ta isa ta fito da wannan giɓi fili. Idan aka jefa dutse sama, gudunsa yana raguwa har ya kai ƙololuwa, inda yake tsayawa na ƙiftawar ido kafin ya juyo ƙasa. A daidai wannan ƙololuwa, nawa ne sauyin gudunsa, wato yawan abin da gudun ke ƙaruwa ko raguwa da shi a kowace daƙiƙa? Ɗalibai da yawa da suka kalli bayanin dokokin Newton har suka haddace su sukan amsa da cewa sifili ne, tunda dutsen ya tsaya. Gaskiyar ita ce gudun ne kaɗai ya zama sifili, amma fizgar ƙasa ba ta saki dutsen ba ko na ɗan lokaci, tana nan tana sauya gudunsa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, kuma da a ce sauyin ya zama sifili, da dutsen ya maƙale a sararin sama bai dawo ba. Wanda ya ba da amsar kuskure, aka nuna masa inda ya kauce, ya yi ta juya abin a ransa har ya gamsu, ba zai ƙara mantawa ba. Wanda kuwa ya ji malami ya faɗi amsar a bidiyo ya gyaɗa kai, tsohuwar fahimtarsa tana nan kwance ba a taɓa ta ba, kuma ita za ta taso ranar jarrabawa.

Saboda haka ɗalibin da ke son lacca ta amfane shi ba ya buɗe ta sai da biro da littafin rubutu a gabansa, yana zaune kamar yadda zai zauna a aji. Da malami ya rubuta tambaya a allo, sai ya tsayar da bidiyon, ya zana hoton abin da ake magana a kai, ya nuna kowane ƙarfi da kibiya, ya gwada warwarewa, ko aƙalla ya rubuta abin da yake zaton zai faru, sannan ya sake kunnawa ya kwatanta tunaninsa da na malamin. Da laccar ta ƙare sai ya rufe wayar da littafin, ya ɗauki farar takarda ya sake fitar da babbar ƙa'idar darasin daga tushe, kuma duk inda ya cije, nan ne ainihin wurin da bai gane ba, can zai koma. Ta wannan hanya laccar sa'a ɗaya tana iya cinye sa'o'i biyu ko uku, amma sannu ba ta hana zuwa, kuma lacca ɗaya da aka bi haka ta fi goma da aka kalla a kwance ana sauri.

Bayan lacca sai tambayoyin aiki, waɗanda su ne ƙashin bayan karatun fiziks, su ne kuma mafi yawan masu kallo ke tsallakewa. Shafukan MIT da na Yale suna ɗauke da tambayoyin da aka bai wa ɗaliban jami'o'in kansu, haka nan littafin fiziks na jami'a mai juzu'i uku da shirin OpenStax na Jami'ar Rice ya fitar kyauta a 2016 yana da tambayoyi a ƙarshen kowane babi. Yana da kyau lokacin da ake ba tambayoyi ya ninka wanda ake ba kallo, kuma kada a leƙa amsa, ko a miƙa tambayar ga manhajojin da ke warwarewa nan take, sai bayan an yi fama da ita sosai, domin a cikin wannan faman ne fahimta ke kafuwa. Idan an sami amsa kuma, sai a duba ma'auninta, a tambayi kai ko ta yi kama da abin da ke faruwa a duniya, don amsar da ta ce mota na gudun da ya zarce na haske ta riga ta tona asirin kanta. Shi kansa Richard Feynman, wanda ya sami kyautar Nobel a 1965, wanda kuma laccocin da ya gabatar a jami'ar Caltech tsakanin 1961 da 1963 suke cikin mafiya shahara a tarihin fannin, ya bayyana a gabatarwar littafin da aka tattara su cewa bai gamsu da yadda yawancin ɗaliban suka amfana ba, ya kuma nuna cewa zaman sauraro kaɗai ba ya koyar da abu mai yawa.

Nasiha ta gaba ta shafi tsari. Intanet ba ta san matakin mai kallo ba, tana jera masa darasin shekarar farko da na digiri na uku a shafi ɗaya, kuma zuciyar matashi takan fi karkata ga batutuwa masu ban al'ajabi, irin su kwantam, wato dokokin da ke tafiyar da ƙananan ƙwayoyin zarra, da nazariyyar Einstein kan lokaci da sarari, da baƙaƙen ramukan samaniya waɗanda ko haske ba ya kuɓuta daga fizgarsu. Sha'awar waɗannan abubuwa alheri ce, ita ce ma ta jawo masana da yawa cikin fannin, amma wanda ya faɗa musu kafin ya ƙware a tushe yakan fito da manyan kalmomi ba tare da ikon lissafa komai ba. Malaman zaure sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba sa buɗe wa almajiri Risala sai ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kuma fiziks ma yana da nasa jerin: makanik da farko, sai lantarki da maganaɗisu, sai girgiza da igiyoyi da haske da zafi, sannan a shiga kwantam. Ƙarƙashin duk waɗannan akwai lissafi: aljabara, da lissafin kusurwoyi, da bekta, wato adadin da ke da girma da alƙibla a lokaci guda, da kalkulas, wanda shi ne lissafin yadda abubuwa ke sauyawa. Sau da yawa ɗalibin da ke kukan fiziks ya yi masa tsauri, idan aka bincika sai a tarar lissafinsa ne ke da rauni, kuma makonnin da zai ɓatar a laccocin kalkulas na MIT ko darussan Khan Academy za su sauƙaƙa masa shekaru. Da rarrafe yaro kan tashi.

Daga rashin tsari sai yawan tsalle. Akwai ɗalibin da wayarsa ke cike da laccocin malamai biyar, ya kalli uku na farko daga kowane ɗaya, kuma duk lokacin da darasi ya fara tsauri sai ya ce wannan malamin ba ya bayani da kyau, ya koma wani ya sake farawa daga babin farko. Sakamakon haka shi ne ya san gabatarwar makanik sau biyar, bai taɓa isa babin jujjuyawa ba. Wannan ciwo bai taƙaita ga wata ƙasa ba: a 2012, lokacin da MIT ta buɗe kwas ɗinta na farko ga duniya kan da'irorin lantarki, mutane kusan 155,000 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka kai ƙarshe suka ci jarrabawa sun ɗan haura 7,000 ne kawai. Taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ya fi shi ne a zaɓi kwas ɗaya da ya dace da manhajar jami'ar da ake ciki, a haɗa shi da littafi ɗaya, a tsara masa ranaku a mako, a bi shi har ƙarshe, a riƙa neman wani malami ne kawai idan wata gaɓa guda ta ƙi fahimtuwa.

Kada kuma a manta cewa fiziks ilimin awo ne da gwaji. Al-Hasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya kafa hujjojinsa kan tafiyar haske a miƙe da shigarsa cikin ido ne ta hanyar gwaje-gwajen da ya tsara da hannunsa. Ƙarancin kayan aiki a ɗakunan gwaji gaskiya ne, amma bai isa ya zama hanzari ba. Zare mai tsawon mita 1, da ƙaramin dutse, da agogon waya sun wadatar a auna fizgar ƙasa. A ɗaure dutsen a ƙarshen zaren, a rataya shi a ƙusa, a ɗan ja shi gefe kaɗan a saki, a auna lokacin da zai yi lilo 20, kowane lilo zuwa da dawowa. Za a samu kimanin daƙiƙa 40, wato daƙiƙa 2 ga kowane lilo. Idan aka ninka tsawon zaren da 39.5, aka raba da murabba'in wannan lokaci, wato 2 sau 2, sai a sami adadin da ke kusa ƙwarai da 9.8 ɗin da ke cikin littafi. A sauya dutsen da wanda ya fi shi nauyi, lokacin ba zai sauya ba, a mayar da zaren santimita 25, sai lokacin ya koma rabi. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ya daina ɗaukar ƙa'ida a matsayin abin hadda. Akwai kuma shirin PhET da Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, mai kwaikwayon gwaje-gwaje a kwamfuta, da manhajar phyphox ta jami'ar birnin Aachen a Jamus, wadda ke mayar da waya abin awo, dukansu kyauta.

Bidiyo ba ya jin tambaya, ba ya kuma gyara kuskure, saboda haka mai koyo yana buƙatar abokan karatu, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A farkon shekarun 1990 Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya gano cewa ɗalibansa suna iya lissafi amma suna faɗuwa a tambayoyin fahimta, sai ya ɓullo da hanyar da yake jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya juya ga na kusa da shi ya yi ƙoƙarin gamsar da shi. Ɗalibai uku ko huɗu suna iya yin haka a ƙarƙashin bishiya. Su ɗauki misalin tirela da ta yi karo da a-daidaita-sahu, su tambayi juna wanne ya fi bugun ɗan'uwansa da ƙarfi. Hankali yakan ce tirela, amma doka ta uku daga dokokin da Newton ya wallafa a 1687 ta tabbatar da cewa ƙarfin da kowanne ya yi wa ɗayan daidai yake, alƙibla ce kawai ta saɓa, kuma abin da ya sa ƙaramin ya fi wahala shi ne ƙarfi iri ɗaya ya fi sauya gudun abin da ke da ƙarancin nauyi. Wanda ya iya kare wannan amsa a gaban abokin da ke musu, har ya gamsar da shi, ya mallaki dokar.

Akwai wata illa da ke shiga zuciya a ɓoye, wato raina malamin gida. Ɗalibin da ya saba da laccocin da aka ɗauka da kayan aiki na zamani yana iya fara ƙin zuwa aji, yana ganin ya sami waɗanda suka fi. Ya kamata ya tuna cewa malamin da ke gabansa shi ne ya san manhajar da za a yi jarrabawa a kanta, shi zai duba takardarsa ya ga inda tunaninsa ya karkace, shi zai tsaya a kansa a ɗakin gwaji, shi ne kuma zai rubuta masa takardar shaida ranar da zai nemi ƙarin karatu, alhali malamin bidiyo bai san da zamansa a duniya ba. Hanya mafi albarka ita ce a kalli laccar kafin a shiga aji, a je da tambayoyin da aka tanada, a gabatar da su cikin ladabi, domin matambayi ba ya ɓata. Yankinmu ma ya fitar da manyan masana a fannin, kamar Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya sadaukar da rayuwarsa ga binciken makamashin hasken rana, har jami'ar Yamai take amsa sunansa tun 1992.

Matsalolin data da wutar lantarki da harshe suna nan, amma kowace tana da dabara. Ana iya sauke laccoci a lokacin da data ke araha ko a intanet ɗin makaranta, a zaɓi ƙaramin hoto matuƙar rubutun allo na karantuwa, abokai su raba kuɗi su kuma raba abin da aka sauke. Sauke lacca yana da wata fa'ida, domin yana ba da damar kashe data yayin karatu, ta yadda saƙonni da gajerun bidiyoyi ba za su sace hankali ba. Wanda Turancin malami ya yi masa sauri yana iya rage gudun bidiyon ya kunna rubutun da ke bin magana. Lokutan da karatu ke tsayawa, kamar yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na watanni tara a 2020 da na watanni takwas a 2022, sun isa a ce an sauke kwas guda na lissafi ko makanik da tambayoyinsa. 'Ya mace kuma, wadda hidimar gida kan yanyanka lokacinta, tana iya amfana ƙwarai da darasin da ake tsayarwa a ci gaba, kuma haƙƙi ne a kan iyaye da mazaje su ware mata sa'o'in da ba za a kira ta ba.

Ma'aunin da ɗa ko 'ya za su riƙa auna kansu da shi a ƙarshen kowane mako shi ne yawan tambayoyin da suka warware da hannunsu ba tare da leƙe ba, da yawan ƙa'idojin da za su iya bayyana wa ƙanensu har ya gane. Ƙasashen Hausa suna buƙatar waɗanda za su iya lissafa farantan sola da suka ishi asibitin ƙauye, da ƙarfin famfon da zai kai ruwa gonar rani, da nauyin da gada za ta iya ɗauka, suna kuma buƙatar malaman sakandare da suka fahimci abin da suke koyarwa, kuma duk waɗannan ayyuka sai wanda ya saba da alƙalami da awo ne zai iya su. Wahalar da mai koyo ke ji a gaban tambaya mai tsauri ba alamar rashin basira ba ce, kowane masani ya bi ta nan, kuma mai haƙuri yakan dafa dutse. Allah ya buɗe ƙwaƙwalen matasa, ya sa wa ƙoƙarinsu albarka, ya kuma sa iliminsu ya amfani al'umma.